Illolin Magani Masu Wuyar Aukuwa Amma Masu Kisa: Yadda Ake Gane Su da Matakan Ceton Majinyaci a Asibiti

Illar magani iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya san da zuwanta domin daga aikin maganin take fitowa: insulin ya yi yawa sukari ya faɗi, warfarin ya yi yawa jini ya ƙi tsayawa. Wannan rage awo yana gyara ta. Ɗayar kuma ba ruwanta da yawan abin da aka bayar. Mutum dubu za su sha lafiya lau, sai ta faɗa kan mutum guda saboda yadda garkuwar jikinsa ko halittarsa take. Ita ce mai kisa, kuma ita aka fi makara wajen ganewa.

Dalilin makarar ba boyayye ba ne. Gwajin da ake yi kafin a fitar da magani kasuwa yawanci mutum dubu kaɗan yake ɗauka, alhali illar da ke samun mutum 1 cikin 10,000 sai an ba mutum kusan 30,000 kafin a kusa tabbatar da ganinta ko sau ɗaya. Ke nan a gadon asibiti ake fara haɗuwa da irin waɗannan, a jikin mutumin da dama ba shi da lafiya, yana shan magani shida ko takwas, kuma duk sabon zazzaɓinsa ko ƙurjinsa yana da wani bayani mai sauƙi da za a iya jingina masa. Saboda haka ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce: duk sabuwar alamar da ta ɓullo wa majinyaci bayan an kwantar da shi, a fara tambayar wane magani aka fara masa kuma yaushe, kafin a ƙara masa wani.

Mataki na farko: tambaya kafin allura

"Akwai maganin da ba ya karɓar ka?" bai isa tambaya ba. A bi da sauran: wane magani ne, me ya faru, bayan minti nawa ko kwana nawa da sha, an kwantar da kai a kansa, fata ta saɓule, baki ko ido sun yi gyambo, ka sake shan irinsa daga baya? Amsoshin nan su ke raba tashin zuciya da abin da zai iya kisa.

Tambayar tana da amfani ta fuska biyu. Kusan mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da rubutun cewa penicillin ba ya karɓarsa, amma in an gwada, wajen 9 cikin 10 na waɗannan ba su da matsalar. Rubutun ƙarya yana tura likita ga magungunan da ba su kai shi aiki ba, ko suka fi shi illa. A ɗaya ɓangaren, wanda ya taɓa saɓulewar fata ba a yi masa gwajin "bari mu gani" ko da ƙwaya ɗaya.

A tambayi dangi ma, musamman kafin tiyata: ko akwai wanda ya rasu ko ya yi mummunan zazzaɓi bayan an sa shi barci? Inda ake da hali, akwai gwajin ƙwayar halitta da ke hana ɓarna tun daga tushe: HLA-B*57:01 kafin abacavir, HLA-B*58:01 kafin allopurinol, HLA-B*15:02 kafin carbamazepine ga mutanen da asalinsu kudu maso gabashin Asiya ne, da gwajin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kafin primaquine, dapsone ko rasburicase.

Mataki na biyu: jadawalin kwanaki

A ɗauki takarda a ja layi. A jera kowane magani da ranar fara shi da ranar daina shi, a koma baya har mako 8, a haɗa da abin da majinyaci ya saya da kansa, da na ganye, da ruwan da aka ɗura masa don ɗaukar hoto, da allurar da aka yi sau ɗaya a ɗakin gaggawa aka manta. Sannan a sa ranar da alamar farko ta bayyana. Kowace illa tana da lokacinta: anafilaksis (mummunan borin jiki na farat ɗaya) cikin mintuna zuwa awa 1, rikicin serotonin (sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa) cikin awa 24, illar heparin (mai tsinka jini) kwana 5 zuwa 10, Stevens-Johnson (saɓulewar fata) kwana 4 zuwa 28, DRESS (ƙuraje masu taɓa gaɓoɓin ciki) mako 2 zuwa 8. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora laifi kan maganin jiya, wanda galibi an ba da shi ne domin zazzaɓin da ita illar ta fara haifarwa, a bar mai laifin na gaskiya da aka fara mako 3 da suka wuce ana ci gaba da bayarwa.

Anafilaksis: minti biyar na farko

Alamarta farawa farat ɗaya bayan magani, tare da matsala a ɗaya daga uku: hanyar iska (kumburin harshe ko maƙogwaro, dashewar murya), numfashi (shaƙewa, ƙara a ƙirji), ko zagayen jini (faɗuwar awon jini, jiri, suma). Borin jini da kumburin fuska suna taimakawa wajen ganewa, amma ba kowa ke yin su ba, kuma jiran su ya kashe mutane. Magungunan da suka fi jawo ta a asibiti su ne dangin penicillin da ceftriaxone, masu rage ciwo irin diclofenac, masu sassauta tsoka a tiyata kamar suxamethonium da rocuronium, chlorhexidine, sinadarin ƙarfe da ake ɗurawa ta jijiya, da maganin dafin maciji.

Ga yadda ake yi, a jere:

1. A tsayar da abin da ke shiga jijiya nan take. A cire robar ƙarin ruwan gaba ɗaya amma a bar kanular, domin in awon jini ya faɗi samun wata jijiya zai yi wuya. A kira taimako.
2. A kwantar da majinyaci a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya kishingiɗa. Mai ciki a kwantar da ita a gefen hagu. Kada a tsayar da shi, kada a bar shi ya taka zuwa wani gado: jinin ya taru a ƙafafu, miƙewa ɗaya tana iya barin zuciya ba abin bugawa.
3. Adrenaline mai ƙarfin mg 1 cikin ml 1, a tsokar cinya ta gefen waje, tsakiyarta. Babba da wanda ya haura shekara 12: ml 0.5. Shekara 6 zuwa 12: ml 0.3. Wata 6 zuwa shekara 6: ml 0.15. In babu sauƙi bayan minti 5, a maimaita.
4. Iskar oksijin lita 15 a minti ta takunkumi mai jaka.
5. Ruwan gishiri ta jijiya da gudu, ml 500 zuwa 1,000 ga babba, ml 10 kowane kilo ga yaro, a ƙara in da buƙata.

Inda ake samun matsala a nan sananne ne. Hannu yana saurin kaiwa ga hydrocortisone da chlorphenamine domin su ba sa ba kowa tsoro, amma ɗaya sai bayan awanni yake aiki, ɗayan kuma ƙaiƙayi kawai yake kwantarwa. Babu wanda ke buɗe maƙogwaro ko ɗaga awon jini a cikinsu. Kuskure na biyu kishiyar wannan ne: a zuƙi adrenaline ɗin cinya a tura shi kai tsaye cikin jijiya, abin da ke iya rikita bugun zuciya ko ya sa awon jini ya yi tashin da zai fasa jijiyar ƙwaƙwalwa. Ta jijiya aikin wanda ya saba ne, a tsarke, da na'ura a jikin majinyaci, kuma ana komawa gare shi in allura biyu a cinya ba su yi ba. Mai shan magani irin atenolol ko propranolol yana iya ƙin amsa adrenaline. Shi ana ƙara masa glucagon mg 1 zuwa 2 ta jijiya.

Bayan ya farfaɗo kada a yi saurin sallama, domin alamun kan dawo ba tare da an sake ba da maganin ba. A sa masa ido awa 6 zuwa 12 gwargwadon tsananin abin. A ɗebi jini don gwajin tryptase, sinadarin da ke hawa a jini lokacin anafilaksis, da zarar hankali ya kwanta, a sake bayan awa 1 zuwa 2, sannan na uku bayan awa 24 don kwatantawa.

Abubuwa biyu suna kama da ita amma ba ita ba ne. Vancomycin in ya shiga da sauri yana sa fuska da wuya su yi zafi da ƙaiƙayi. A tsayar, a ba da maganin ƙaiƙayi, a ci gaba a hankali, giram 1 kada ya gaza awa 1. Sai kumburin leɓe da harshe na masu shan lisinopril da danginsa, wanda ke zuwa ba borin jini, wani lokaci bayan shekaru ana shan maganin, kuma ya fi yawa ga baƙar fata. Wannan bai cika jin adrenaline ba, don haka hankali ya koma kan hanyar iska, a kira mai iya sa bututun numfashi tun harshen bai cika baki ba.

A ɗakin tiyata

Akwai masu wata larura ta gado a tsoka, zafin tiyata na gado, yawanci a ƙwayar halittar RYR1, wadda Michael Denborough ya bayyana a wani dangi a Ostireliya a 1960. In aka ba su iskar sa barci irin halothane, isoflurane ko sevoflurane, ko suxamethonium, sai kalsiyam ya ɓalle cikin tsoka ta kama aiki ba tsayawa. Zafin jiki alama ce ta baya. Ta farko ita ce iskar da majinyaci ke fitarwa ta riƙa nuna hauhawar carbon dioxide duk da an ƙara masa numfashi, zuciya na gudu, muƙamuƙi ya ƙage.

A kashe iskar, a ba da oksijin zalla da yawa, a gaya wa mai fiɗa ya taƙaita. Maganinta dantrolene, mg 2.5 kowane kilo ta jijiya, a maimaita har alamun su lafa, ana iya kaiwa mg 10 kowane kilo. Tsohon samfurinsa mg 20 ne a kwalba, kowace kwalba tana son ml 60 na ruwan allura, kuma yana da wuyar narkewa. Mutum mai kilo 70 kwalba 9 yake buƙata a zubin farko kaɗai, don haka a ware mutum biyu ko uku ba su da aiki sai kaɗa kwalabe. A sanyaya jiki da ruwan jijiya mai sanyi da ƙanƙara, a dakata in ya sauko 38 a ma'aunin Salshiyas. A bi potassium da gwaji domin yana hawa, kada a haɗa dantrolene da verapamil, a kula da fitsari saboda narkewar tsoka tana toshe ƙoda, kuma a ajiye shi a sashen kulawa ta musamman aƙalla awa 24 don abin yana iya dawowa. Asibitin da ke amfani da waɗannan magunguna bai san inda dantrolene ɗinsa yake ba, ya gyara wannan yau.

Allurar kashe zafi ta wuri ɗaya ma tana da nata. In lidocaine ko bupivacaine ya shiga jini, majinyaci zai ce bakinsa ya yi nauyi, yana jin ɗanɗanon ƙarfe, kunne na ƙara, daga nan sai jijjiga da tsayawar zuciya. A daina allurar, a tsare numfashi, a ba da ruwan kitse na jijiya mai ƙarfin kashi 20, ml 1.5 kowane kilo a tashin farko, sannan ml 15 kowane kilo a awa.

Zazzaɓi da sandarewa: biyu masu kama da juna

Majinyaci ya rikice, jiki ya yi zafi, gumi na zuba, awon jini na hawa da sauka. Kafin a ce sanƙarau ne ko guba a jini, a duba katin magani.

In yana kan haloperidol, chlorpromazine, ko ma metoclopramide na amai, ko an yanke masa levodopa kwatsam saboda an hana shi ci kafin tiyata, a yi zargin mummunar illar magungunan ƙwaƙwalwa. Tana zuwa a hankali cikin kwanaki, jiki ya sandare ko'ina, motsi ya ragu, gwajin CK, mai nuna lalacewar tsoka, ya haura 1,000. In kuwa yana shan fluoxetine, sertraline ko makamancinsu aka ƙara masa tramadol, pethidine, linezolid ko methylene blue, rikicin serotonin ne: cikin awanni, da karkarwa, zawo, buɗewar ƙwayar ido. Gwajin da ke raba su a hannu yake. A riƙe tafin ƙafa a tanƙwara shi sama da sauri. In ƙafar ta kama bugawa da kanta tana maimaitawa, serotonin ne.

Duka biyun a tsayar da maganin, a ba da ruwa, a sanyaya jiki, a ba da diazepam ko lorazepam. Na farko ana mayar da levodopa in shi aka yanke, ana ƙara bromocriptine ko dantrolene in ya yi tsanani. Na biyu cyproheptadine mg 12 a farko. Paracetamol ba ya sauke wannan zafin domin daga tsoka yake fitowa, kuma ɗaure majinyaci a gado yana ƙara shi. In zafi ya haura 41, a sa shi barci a sassauta tsoka a sa bututu. Babban haɗari shi ne a ga mutum yana fizge-fizge a ƙara masa haloperidol.

Fata: inda kwana ɗaya ke da tsada

Yawancin ƙurajen magani ba su da haɗari. Aikin shi ne a tsamo mai haɗarin daga cikinsu, kuma alamun gargaɗin su ne: zazzaɓi, fata mai ciwo maimakon ƙaiƙayi, gyambo a baki ko ido ko al'aura, bororo, kumburin fuska, kaluluwa. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani tabo ne da ya fi kewayensa duhu, mai ɗan shuɗi ko toka-toka, don haka a duba da haske mai kyau, a taɓa, a buɗe baki a ɗaga fatar ido.

Ciwon Stevens-Johnson, wanda likitocin yara biyu na Amurka suka bayyana a 1922, da babban wansa da Alan Lyell ya bayyana a 1956, abu ɗaya ne, faɗin fatar da ta saɓule ke raba su: ƙasa da kashi 10 na jiki shi ne na farko, sama da kashi 30 na biyu, wanda ke kashe kusan mutum 1 cikin 3 zuwa 4. Yakan fara kamar mura, da ciwon maƙogwaro da jan ido, kwana 1 zuwa 3 kafin fata ta nuna. A nan ake ɓata lokaci, a ce ƙyanda ce ko ciwon ido. In aka murza fatar da yatsa a hankali sai saman ya zame kamar bawon dafaffen tumatir. Masu laifin da aka fi sani: allopurinol, carbamazepine, phenytoin, phenobarbital, lamotrigine, nevirapine, co-trimoxazole da sauran dangin sulfa, da piroxicam. Masu cutar HIV sun fi kowa haɗari nesa ba kusa ba.

Abin da aka tabbatar yana rage mutuwa shi ne tsayar da maganin da wuri. Kada a jira sakamakon gwajin fata. Daga nan jinya ce irin ta mai ƙuna: ɗaki mai ɗumi, 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, ruwa ta jijiya a daidaita shi da fitsari, ml 0.5 zuwa 1 kowane kilo a awa, ba tare da an cika shi kamar na ƙunar wuta ba. Maganin ciwo mai ƙarfi kafin kowane wanki. Abinci ta bututun hanci in baki ya hana ci. Kada a manna filasta a fata, kada a ja majinyaci a kan zanin gado, a bar fatar da ta ɗago a wurinta ta zama murfi, a rufe da bandeji mara mannewa. Ba a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta don rigakafi, sai an ga alamar sun shiga, domin kowane sabon magani sabon haɗari ne. Likitan ido ya gani cikin awa 24, a riƙa ɗiga ruwan ido kowane awa 2, saboda mutane da yawa sun tsira da rai sun rasa gani don fatar ido ta manne. Haka al'aura, a duba a shafa mai don hana mannewa.

Ma'aunin SCORTEN, mai auna haɗarin mutuwa a wannan ciwon, yana ba da maki ɗaya ga kowane: shekara 40 ko fiye, ciwon daji, bugun zuciya 120 ko fiye, saɓulewa sama da kashi 10, urea sama da 10, sukari sama da 14, bicarbonate ƙasa da 20. Maki 3 ya isa a nemi sashen kulawa ta musamman. Game da ciclosporin, etanercept, steroid da sinadarin garkuwa na jijiya, masana suna da saɓani, shawarar ta likitan fata ce, kuma babu ɗayansu da ke maye gurbin jinya mai kyau.

DRESS ya fi wayo. Yana zuwa a makare, da zazzaɓi, kumburin fuska, kaluluwa da ƙuraje masu faɗi, amma ɓarnar tana ciki: hanta galibi, sai ƙoda, huhu da zuciya. A nemi ƙidayar jini a duba eosinophil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, wanda in ya haura 0.7 abin lura ne, 1.5 kuwa ƙaƙƙarfar shaida, tare da gwajin hanta da ƙoda, a maimaita su sau biyu a mako domin yana iya ƙaruwa bayan an daina maganin. Bayan magungunan farfaɗiya da allopurinol, a tuna da vancomycin, dapsone, sulfasalazine da magungunan tarin fuka. In gaɓoɓin ciki sun taɓu ana ba da prednisolone mg 0.5 zuwa 1 kowane kilo, a janye shi a hankali cikin makonni 6 zuwa 8 ko fiye; saurin janyewa yana dawo da shi. Wanda carbamazepine ya yi wa haka kada a mayar da shi kan phenytoin ko phenobarbital, gininsu ɗaya ne. Levetiracetam ya fi aminci.

Jini

Illar heparin tana ruɗar mutane domin ƙwayoyin daskarar da jini suna raguwa amma abin da ke biyo baya gudan jini ne a jijiya, ba zubar jini ba. Garkuwar jiki ce ke kai wa heparin da furotin PF4 hari, ta tayar da ƙwayoyin su dunƙule. A yi zarginta in ƙidayar ta faɗi da rabi ko fiye tsakanin kwana 5 da 10, ko da har yanzu lambar tana cikin iyakar lafiya: daga 400 zuwa 180 faɗuwa ce. Wanda ya sami heparin cikin watan da ya wuce tana iya kama shi a rana ɗaya. A lissafa ma'aunin 4T, mai auna yiwuwar wannan illar. Maki 0 zuwa 3 da wuya ita ce, 4 zuwa sama a ɗauki mataki kafin gwaji ya dawo. A tsayar da heparin kowane iri, har enoxaparin da ɗan wanda ake wanke kanula da shi. Tsayarwa kaɗai ba ta isa ba, dole a sa wani mai tsinka jini kamar argatroban, fondaparinux ko rivaroxaban. Kada a fara warfarin sai ƙidayar ta koma 150, domin yana iya jawo ruɓewar ƙafa. In an riga an bayar a warware shi da bitamin K. Kada a ɗura wa majinyaci ƙwayoyin daskarar da jini sai in jini na zuba.

Mai shan carbimazole, propylthiouracil, clozapine ko metamizole da ya zo da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ƙidaya fararen ƙwayoyin jininsa a ranar. Neutrophil, babban nau'in fararen ƙwayoyin, ƙasa da 0.5 na nufin ba shi da kariya: a tsayar da maganin, a ɗebi jini don gwajin gano ƙwayoyin cuta, a fara maganin ƙwayoyin cuta mai faɗi ta jijiya cikin awa 1. Fitsari mai duhu da shawara kwana 2 ko 3 bayan primaquine, dapsone ko nitrofurantoin fashewar jajayen ƙwayoyi ne na masu ƙarancin G6PD. Wanda aka yi wa allurar artesunate kuma a duba jininsa a kwana na 7 da na 14, saboda fashewar takan zo a makare.

Hanta da zuciya

In ALT, gwajin raunin hanta, ya ninka iyaka sau 3 kuma bilirubin, sinadarin da ke sa shawara, ya ninka sau 2 ba tare da toshewar hanyar matsarmama ba, wajen 1 cikin 10 na irin waɗannan suna mutuwa ko su buƙaci dashen hanta. A tsayar da duk abin zargi, a duba INR, gwajin daskarewar jini, kullum. A maganin tarin fuka ana tsayawa in ALT ya ninka sau 5, ko sau 3 in akwai amai, ciwon ciki ko shawara. Co-amoxiclav da flucloxacillin suna iya taɓa hanta makonni bayan an gama shan su.

A zuciya kuwa, haɗuwa ce ke kisa: haloperidol, ondansetron, azithromycin, ciprofloxacin, fluconazole, quinine, kowanne yana ɗan tsawaita QT, lokacin da lantarkin zuciya ke ɗauka a kowane bugu, sai a tara uku a jikin mai amai da potassium ɗinsa ya faɗi. QTc, wato QT da aka daidaita da saurin bugu, sama da 500 a gwajin lantarkin zuciya na ECG na nufin a rage jerin. In bugun ya rikice ya zama torsades, wani gudun zuciya mai kisa, magnesium sulfate giram 2 ta jijiya cikin minti 10, a ɗaga potassium zuwa 4.5 ko 5, in babu bugun jini a hannu a yi amfani da na'urar girgiza zuciya.

Bayan an tsallake: gano mai laifi da rubutawa

A koma kan jadawalin nan. A tambaya: lokacin ya dace da wannan illar, an san maganin da ita, an sami sauƙi bayan tsayarwa, akwai wata cuta da za ta bayyana abin? Ma'aunin Naranjo na 1981 ya tsara irin waɗannan cikin tambaya 10: maki 9 zuwa sama tabbas, 5 zuwa 8 mai yiwuwa ƙwarai, 1 zuwa 4 mai yiwuwa. Mai harhaɗa magunguna ya fi kowa amfani a wannan zaman. Ba a sake gwada maganin da ya jawo saɓulewar fata, DRESS, ko faɗuwar fararen ƙwayoyi. Inda babu makawa, kamar wasu magungunan tarin fuka, ƙwararru ne ke mayar da su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin awo.

A rubuta sunan maganin na asali, da abin da ya faru, da kwanan wata, da dangin maganin da za a guje wa, a bangon fayil, a katin magani, da takardar sallama. A ba majinyaci kati ya riƙe, a karanta masa tare da wani nasa, a gaya masa sunayen kasuwa daban-daban da maganin ke zuwa da su, domin co-trimoxazole ko diclofenac suna da sunaye barkatai. Wanda ya yi zafin tiyata na gado a sanar da 'yan'uwansa na jini.

Sannan a aika rahoto ga hukumar kula da magunguna ta ƙasa, ko da zargi ne kawai. Bayan bala'in thalidomide na 1961, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan magunguna a 1968, kuma rahotannin ƙasashe suna taruwa a rumbun VigiBase da cibiyar Uppsala a Suwidin ke kula da shi. Fom ɗin abu huɗu yake buƙata: bayanin majinyaci ba tare da cikakken suna ba, maganin da lambar rukunin da aka sarrafa shi, illar da kwanakinta, da mai rahoton. A sa ranar dawowa asibiti kafin ya tafi: mai Stevens-Johnson wurin likitan ido, mai DRESS gwajin hanta da na thyroid da sukari har tsawon watanni, mai anafilaksis kuma asibitin gwajin rashin karɓar magani bayan mako 4 zuwa 6.